Ku Karanta Motar Kafin Ku Kwance Ta

'Ya'yana da ƙannena masu sha'awar mota, ina lura da yadda a 'yan shekarun nan hankalinku ya fara karkata ga tsofaffin motoci, musamman ƙananan nan masu kujera biyu da dogon hanci, waɗanda Turawa suka ƙera don gudu da ƙawa tsakanin shekarun 1950 da 1970. Kuna kallon bidiyon yadda ake jawo mota daga wani kango, tsatsa ta ci rabinta, a duƙufa a kanta har ta fito tana sheƙi, sai ku ce mu ma za mu iya. Za ku iya kuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga mai gyaran bodi a Kano ko Damagaram yana miƙar da ƙofar da ta lanƙwashe, da guduma da wutar walda kaɗai, ba zai yi shakkar hannun yaranmu ba. Damuwata tana wani wurin. Akwai aikin da bidiyon ba ya nunawa don ba ya burge mai kallo, wato makonnin da gwani yake yi yana zagaya motar da tocila da littafi, bai kwance ko noti ɗaya ba, yana neman amsar tambaya guda: wace mota ce wannan?

Za ku ce ai tambayar ba ta da wuya, ga tambari a goshi, ga suna a baya. To, tambari da suna su ne mafi arha a jikin mota, a kasuwa ake sayensu a liƙa. Motoci biyu za su tsaya gefe da gefe, siffa ɗaya, fenti ɗaya, ƙarar inji ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar ninkin ba ninki, don kawai an san ranar da ta bar masana'anta da hannayen da ta ratsa har ta iso yau. Ferrari ya ƙera 250 GTO guda 36 ne kacal tsakanin 1962 da 1964, kuma a 2018 an yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 48.4. Porsche ya fitar da Carrera RS 2.7 guda 1,580, alhali gangar jikinta ba ta da wani nisa da ta sauran 911 na wancan lokaci, waɗanda aka ƙera dubbai. Kun ga ƙofar da ta buɗe wa mai ha'inci ke nan. Ya sayi mai arha, ya faɗaɗa mata ƙugu, ya ɗora mata ɗan fiffiken nan na baya, ya buga mata lambar wata da ta ƙone ko ta ɓace, ya kai ta kasuwa da sunan ta asali. Inda kuɗi ya kai haka, mai algus ba ya barci.

Abin da nake so ya zauna muku a zuciya shi ne, mai gyara ne mutum na ƙarshe da zai ga motar da shaidunta a jikinta. Fentin farko da ya maƙale a ƙarƙashin robar gilashi, rubutun alli da wani ma'aikaci ya yi a cikin ƙofa ran da ake haɗa ta, tabon waldar da ke nuna ta taɓa yin karo, duk suna nan suna jira har ranar da kuka kunna injin feshin yashi. Cikin yini ɗaya za ku share abin da shekara sittin suka rubuta, kuma ba mai iya dawo da shi, ko kamfanin da ya ƙera ta. Gyara, komai kyansa, yana cin shaida. Saboda haka aikin farko na biro ne da kyamara. Ku ɗauki hoton kowace kusurwa da kowace lamba, har kan notin da ya bambanta da 'yan'uwansa, ku sa kwanan wata, sannan a ɗauko sufana. Duk abin da aka cire a ɗaura masa alama a adana, ko da ya ruɓe. Sauri ya haifi nawa, a wannan aikin kuma har asara yake haifarwa.

Bari mu ɗauki mota guda mu bi ta tare. Jaguar E-Type an fara nuna ta a baje kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1961, aka ci gaba da ƙera ta a Coventry ta Ingila har tsakiyar shekarun 1970, fiye da guda 70,000. Idan kun ɗaga bonet ɗinta, wanda gaba ɗayansa yake kifawa ta gaba, za ku tarar da wani ɗan faifan ƙarfe mai lambobi huɗu: ta shasi, ta bodi, ta inji, da ta giyabos. Sabon shiga yana ganin faifan nan sai ya ce an gama, alhali ko farawa ba a yi ba. Da 'yan ƙusoshi aka kafa shi, ana kuma sayar da sababbinsa babu rubutu, kowa yana iya buga abin da ya ga dama. Amfaninsa kawai ya faɗa muku abin da za ku je ku nema, domin lambobin da ke kansa suna da 'yan'uwa a jikin motar kanta. Ta shasi tana kan firam ɗin gaba, saman inda shokan dama yake kamawa. Ta inji tana gefen dama na bulok, sama da filtar mai, a motocin farko kuma an maimaita ta a gaban tof-silinda. Ta giyabos tana jikinsa. Ku wanke wuraren nan da kananzir da burushi mai laushi. Kada samfefa ta kusance su.

Lambobin kuma ba kara zube aka jera su ba, magana suke yi ga wanda ya iya harshensu. A E-Type ta farko mai inji lita 3.8, buɗaɗɗiya mai sitiyari a dama daga 850001 lambarta ta fara, mai sitiyari a hagu daga 875001. Mai rufi kuwa 860001 a dama, 885001 a hagu. Lambar injinta da harafin R take farawa, ta ƙare da 8 ko 9, wanda ke nuna matsin injin. Injin lita 4.2 da ya zo a 1964 da 7E yake farawa. To idan kun ga buɗaɗɗiya mai lamba 875 da wani abu amma sitiyarinta a dama, an juya ta ke nan, kuma hakan ya faru da yawa, domin mafi yawan motocin nan Amurka aka kai su, daga baya mutanen Ingila suka riƙa sayo su suna mai da sitiyarin dama. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A Najeriya hannun hagu ake tuƙi har zuwa 2 ga Afrilu 1972, a Ghana har 1974, don haka motar Ingila da aka shigo da ita sabuwa Kaduna ko Legas a shekarun 1960 ana sa ran sitiyarinta a dama yake. In kun same shi a hagu sai ku tambaya, bayan sauyin hannu aka juya ta, ko daga wata ƙasa aka kawo ta daga baya? Lambar shasi za ta fara ba ku amsa, dashbod da wayoyin bayansa su ƙarasa. Juya sitiyari ba laifi ba ne. Laifin yana ga wanda ya sani ya ɓoye.

Sai dai akwai abin da ke rikita lissafi. Firam ɗin da ke ɗauke da lambar shasi da noti aka ɗaure shi, kuma shi ne yake fara shan duka idan mota ta yi karo ta gaba. An sauya wa E-Type da yawa shi tun da daɗewa, a lokacin da motar hawa ce kawai, ba wanda ya damu da tarihinta. Don haka rashin lamba a wurin bai tabbatar da cewa ta sata ce ba, samun lambar kuma bai wanke ta ba, tunda ana iya kwanto firam ɗin wata a ɗaura wa wata. Ba a yanke hukunci da shaida ɗaya.

A nan ne ƙananan shaidu suke da rana, kuma ni a wurina nan ne daɗin aikin yake. Kayan wutar da kamfanin Lucas ya yi wa motocin Ingila, irin su dinamo da kik da injin goge gilashi, yawanci an buga musu wata da shekarar da aka yi su. Gilashin Triplex yana da 'yan ɗigo-ɗigo kusa da haruffan tambarinsa, masu nuna shekara da rubu'in shekara. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kayan da aka haɗa mota da su dole su girme ta da makonni ko 'yan watanni. Idan abu ɗaya ya saɓa ba komai, dinamo yana mutuwa a sauya, dutse yana fasa gilashi. Amma in takarda ta ce 1961, gilasai da kayan wuta duk suka haɗa baki a kan 1963, ku saurare su, ko dai an yi mata babban aiki, ko kuma ba ita ba ce. Kimanin E-Type 500 na farko makullin bonet ɗinsu a waje yake, kuma har zuwa farkon 1962 daɓen motar shimfiɗe yake, daga baya ne aka zurfafa wurin ƙafa don dogaye su sami sakewa. Na farkon nan sun fi tsada, shi ya sa dole a duba ko an yanke wa mota daɓe ne aka mai da ita tsohuwar da ba ita ba. Waldar masana'anta ɗigo-ɗigo ce a jere, ta gareji kuma tana da nata kamannin, wanda ya saba ba ya ruɗewa. Ɗan maganaɗisu zai nuna muku inda foti ya yi kauri, na'urar auna kaurin fenti ta nuna inda aka taɓa fesawa sau biyu ko uku.

Game da lambar da aka sake bugawa, ku dubi siffar haruffan da zurfinsu da tazararsu, ku kwatanta da hotunan motocin da aka ƙera dab da ita. Ku shafa ƙarfen da ke kewaye, ko ya yi kwari kamar an ci shi da giranda. Ku leƙa ta baya, domin mai yanko ƙarfe mai lamba ya dasa a wata mota yakan gyara fuska ya manta da ƙeya. Kuma ku sani, idan aka buga lamba a ƙarfe, matsin yana ratsawa ƙasa da inda ido yake gani. Ko an kankare saman, masu binciken 'yan sanda suna shafa wani ruwan asid, tsohuwar lambar ta bayyana na ɗan lokaci, saboda wurin da ya sha bugu ba ya cinyewa daidai da sauran. Wannan ba abin da za ku gwada da kanku ba ne, yana cin ƙarfen, in aka ɓata damar ta tafi. Na faɗa muku ne don ku san ramin ƙarya ƙurarre ne har a jikin ƙarfe.

Bayan jikin mota sai littattafan masana'anta. Hukumar Jaguar Daimler Heritage Trust tana riƙe da kundin kamfanin, tana ba da takardar da ke nuna ranar da aka ƙera mota, ranar da aka fitar da ita, launin fentinta da na kujerunta, dilan da aka aika wa, da lambobinta. Na MG da Triumph da Austin-Healey suna gidan tarihin motoci na Gaydon. Mercedes-Benz da Porsche suna da katin bayanin kowace mota, Ferrari kuma tun 2006 yake da sashen Classiche, wanda sai an duba motar kanta kafin ya ba da shaida. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da kuka saba gani a motocin yanzu sai a 1981 ta zama dole a Amurka, kafin nan kowane kamfani da nasa tsarin, saboda haka kada ku sa ran manhajar waya za ta karanta muku lambar motar 1962.

Ku nemi takardar nan, amma ku san iyakarta. Abin da irin ta Jaguar take tabbatarwa shi ne an taɓa ƙera mota mai wannan lamba. Wanda ya rubuta ta kundi ya duba, bai ga motarku ba. Mai ha'inci ma yana amfana da irin wannan bayani, domin daga nan yake koyon lambar injin da zai buga da launin da zai fesa. Na fi tsoron motar da komai nata ya dace tsaf, sabon fenti a kan kowace lamba, babu hoto ko ɗaya na yadda take kafin gyara, a kan wadda ta zo da tabonta a fili.

Mu da muka tashi muna jin malaman hadisi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Malamai ba sa karɓar magana don daɗinta, sai sun bi isnadi: wa ya ji daga wa, sun yi zamani ɗaya kuwa, sun haɗu, ina sarƙar ta yanke? Haka za ku bi mota, daga masana'anta zuwa dila, daga dila zuwa mai ita na farko, har zuwa wanda yake miƙo muku makulli. Rasit, takardun kwastan, tsohuwar rajista, inshora, littafin sabis, har hoton biki da lambar motar ta fito a gefe, kowanne zobe ne a sarƙar. Inda kuka tarar da giɓin shekara goma ko ashirin ba wanda ya san inda take, nan za ku tsananta bincike, don a irin wannan duhun ne ake musanya jiki. Ku je wurin mutane tun suna raye, tsohon direba, tsohon bakanike, uwargidan da ta tuna shekarar da aka kawo ta. Ku gaishe su da ladabi, ku ba su lokaci, ku rubuta abin da suka ce, kuna raba abin da suka gani da ido da abin da aka ba su labari. Dillali zai ce muku ai motar wani sarki ce, ko wani gwamna ne ya fara hawanta. Yana iya zama gaskiya. Ku rubuta cewa dillali ne ya faɗa, kada ku rubuta cewa haka ne sai kun ga hujja.

Sannan tabbatar da cewa motar ita ce bai isa ba, sai an san ta wane ne. A 1954 Ferrari ya ƙera wata motar tsere, 375 Plus, mai lambar shasi 0384AM. Bayan ta gama zamaninta wani injiniya a jihar Ohio ta Amurka ya saye ta a lalace, ya ajiye ta a fili shekara da shekaru. A shekarun 1980 aka sace ta, ta ratsa hannaye har ta ɓulla a Beljiyam, inda aka kashe dukiya aka gyara ta. Rigimar mallaka ta bi ta fiye da shekara ashirin, daga iyaye ta koma kan 'ya'ya, kuma ko da aka yi gwanjonta a Goodwood ta Ingila a 2014 a kan fiye da fam miliyan 10, sai da mai sayen shi ma ya shiga kotu, ba a sasanta ba sai 2016. Kafin ku zuba kuɗi da gumi, ku kai lambar shasi wurin 'yan sanda a duba, musamman motar da ta ƙetaro iyaka, domin Interpol tana da rumbun bayanan motocin sata. A gida kuwa abin da ya fi kama mu shi ne gado. Motar da ke ajiye a gidan mamaci ta magada ce gaba ɗaya, ba ta ɗan da ya riga sauran ɗaukar makulli ba. Ku tabbata an raba gado ko duk masu haƙƙi sun amince, a rubuta, a sa shaidu.

Yanzu ga tambayar da za ta dame ku idan aiki ya yi nisa. An sauya daɓe, an sauya ƙofofi, injin ba nata ba ne, firam ɗin gaba sabo ne. Shin har yanzu ita ce? Wata babbar kotu a Landan ta taɓa zama a kan wannan a 1990. Motar Bentley ce samfurin Speed Six, wadda ake yi wa laƙabi da Old Number One. Ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau biyu a jere, a 1929 da Woolf Barnato da Tim Birkin, a 1930 da Barnato da Glen Kidston. Motar tsere kuwa ba ta zama yadda take. An riƙa sauya mata bodi, a 1932 bakaniken Barnato, Walter Hassan, ya sake gina ta a kan wani firam dabam, aka kuma sa mata inji lita 8 a madadin nata mai lita 6 da rabi. A wannan shekarar ta yi hatsari a filin tsere na Brooklands, direbanta Clive Dunfee ya mutu. Aka sake tayar da ita, wannan karon a matsayin motar hawa mai rufi. Bayan kusan shekara sittin kamfanin Middlebridge ya amince zai saye ta a kan fam miliyan 10, sannan ya ja da baya, yana cewa wannan ba ita ce ta ci Le Mans ba.

Hassan ya ba da shaida a shari'ar, a lokacin ya haura shekara 80. Shi ne kuma mutumin da bayan aikinsa da Barnato ya kasance cikin injiniyoyin da suka tsara injinan Jaguar, har da waɗanda ke cikin E-Type ɗin da muka bi ɗazu. Mai shari'a Otton ya yarda cewa ba za a ce motar tana nan yadda ta fito daga masana'anta ba, abubuwa da yawa sun sauya. Amma ya ga tarihinta bai taɓa yankewa ba, mota ɗaya ce ta riƙa sauyawa a gaban idon mutane, kuma babu wata da za ta iya da'awar wannan suna. Ya yanke cewa ita ce, ciniki ya tabbata.

Kada ku fahimci hukuncin nan da cewa sauya kaya ba komai ba ne. Injin asali yana da daraja, bodin asali yana da daraja, kasuwa ma ta san haka. Abin da na ɗauka daga shari'ar shi ne, motar ta tsira da sunanta ne saboda an san wanda ya sauya me, da yaushe, da dalilinsa, har aka sami wanda ya yi aikin da hannunsa ya zo ya faɗa. Ku ma wata rana za a nemi bakinku, wataƙila bayan ba kwa nan. Littafin da kuke rubutawa yau a gefen gareji, da hannu mai baƙin mai, shi ne zai tsaya a madadinku. Ƙungiyar FIVA ta duniya, wadda take ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, kuma daga cikin abin da take nema har da a rubuta duk aikin da aka yi wa mota a adana.

Jarrabawar gaske tana zuwa ran da bincike ya kawo labarin da ba a so. Kun gano injin na wata mota ne, ko lambar bodi ba ta dace da kundi ba. Mai motar ya kashe kuɗi, ransa ya ɓaci, sai ya jawo ku gefe ya ce, “Malam, ai kana da abin buga lamba. Buga mata kawai, wa zai sani?” Wataƙila uban gidanku ne, wataƙila shi yake kawo muku aiki duk shekara. Ku ba shi haƙuri cikin girmamawa, ku ce wannan kam ba za ku iya ba. Idan doka ta buƙaci a sake buga lamba saboda an sauya firam, hukuma ce za ta ba da izini a rubuce, takardar kuma ta bi motar duk inda ta je. Amma buga lambar tsohon inji a kan wani bulok don mai saye ya ɗauka na asali ne, wannan algus ne, ba shi da wani suna. A shari'armu ɓoye aibin haja haramun ne, mai saye kuma yana da haƙƙin mayarwa idan ya gano. Ga shi duniyar waɗannan motoci ƙarama ce ƙwarai. Akwai ƙungiyoyin masu su da ke riƙe da rajistar lambobi, mota biyu masu lamba ɗaya kuwa ko ba daɗe ko ba jima sai sun ji labarin juna. Ran da hakan ta faru mai motar zai ce shi bai san komai ba, bakanike ya ba wa.

Faɗin gaskiya kuma ba ya kashe kasuwa. Jaguar ya yi niyyar ƙera E-Type masu jikin alminiyom guda 18 don tsere, ya yi 12 a tsakanin 1963 da 1964 ya tsaya. A 2014 ya sanar zai ƙera sauran shidan da lambobin shasin da aka bari ba a yi amfani da su ba, aka kuwa saye su duka. Ba wanda ya kira su jabu, domin tun farko an faɗa cewa sababbi ne. Mota mai baƙon inji da aka bayyana tana da mai saye, kwaikwayo da aka kira shi kwaikwayo yana da mai so. Ku ajiye tsofaffin kayan da kuka cire, su bi motar idan an sayar, ko da tsohon daɓe ne mai huji, don shi ne hujjar cewa akwai dalilin sauyawa.

Na san da yawanku ba za ku taɓa kwance E-Type ko Ferrari ba, kuma ba sai kun jira su ba. Akwai tsofaffin Mercedes-Benz a bayan gidajen attajiran da, akwai Peugeot 404, akwai 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, kuma busasshiyar iskar Arewa ta fi ta bakin teku tausayin ƙarfe. Kullum 'yan gwangwan suna sare su suna aunawa a kilo, takardunsu kuma gara tana ci a cikin akwatin dattawa. Idan akwai irin wannan mota a gidanku ko unguwarku, ku nemi izinin masu ita, ku ɗauki hotunanta yadda take da ƙurarta, ku kwafi lambobinta, ku tattara takardunta a wuri mai tsaro, ku zauna da dattijon da ya san ta ku rubuta abin da ya tuna. Ku yi wannan tun yanzu, ko da kuɗin gyaran bai samu ba tukuna. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya sa ku ci halal.